Hotunan Cikin Adaka: Jibiya, Gulbi Da Iyakar Da Ta Ratsa Dangi

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, tarihi ne, kuma musabbabinsa wani tsohon gwangwanin alewa ne da muka tsinta a ƙasan adakar kakarmu bayan Allah Ya yi mata rasuwa a birnin Katsina cikin shekarar 2021. Da aka buɗe shi, sai ga hotuna sun kai arba'in, yawancinsu baƙi da fari, kaɗan masu kala da suka koɗe suka yi jajaja, sai kuma wasu 'yan zirin fim da aka naɗe cikin takardar siminti.

Akwai guda ɗaya da ya tsaya mini a rai. Mata uku ne tsaye a kan rairayin gulbi, kowacce da zane ɗaurin ƙirji da kallabi da mayafi a kafaɗa, ta tsakiya tana riƙe da yarinya, can bayansu kuma ga wani mutum yana jan raƙumi. A bayan hoton akwai hatimin mai hoto da rubutun Faransanci wanda ya goge, kalma ɗaya kawai ake iya karantawa, wato Maraɗi. Babu suna, babu shekara. Ta hannun dama kakarmu ce tana budurwa, wannan kowa ya shaida. To sauran biyun fa? Duk gidan aka rasa mai amsa. Aka ce mini in dai akwai wanda zai sani a duniya, to gwaggonmu ce da ke aure a Jibiya.

Kafin in kai ku wurin Gwaggo, ya kamata mai karatu ya san dalilin da zai sa a sami hoton Maraɗi a adakar Bakatsiniya, domin a nan tarihin yake.

Gulbi ɗaya, gida biyu

Jibiya gari ne na bakin gulbi kuma na bakin iyaka. Gulbin da ya ratsa ta, wanda a wajenmu ake kira Gada, daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, inda sunansa ya koma Gulbin Maraɗi. Ya wuce ta kusa da Madarumfa, ya bi gefen Maraɗi da Tsibirin Gobir, sannan ya karkato ya dawo Nijeriya ya haɗe da Gulbin Rima. Da rani rairayi ne zalla, yara na wasa a ciki, mata na tonon ruwa. Da damina kuwa ko namijin gaske sai ya yi shawara kafin ya tsallaka.

Mutanen da ke zaune a bakin wannan gulbi asalinsu ɗaya. Lokacin da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci Katsina wajajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa zamansu a Maraɗi wajajen 1819. Shi ya sa har gobe sarautar can ake kiranta Sarkin Katsinan Maraɗi. An shafe ƙarni na goma sha tara ana kai wa juna hari tsakanin Katsina da Maraɗi, amma duk da haka fatauci da auratayya ba su yanke ba, domin yaƙin na masu sarauta ne, talaka kuwa gonarsa da kasuwarsa da surukansa ya sani.

Sai Turawa suka zo. Ingila da Faransa suka zauna a Turai suna ja wa ƙasar da ba su taɓa takawa ba layi. Yarjejeniyar 1890 ta ja layi daga Sayi zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, ta 1898 ta zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100, sai Faransawa suka koka cewa an bar su da hamada, ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Gyaran da aka yi a 1904 da 1906 shi ya bar Maraɗi a hannun Faransa, Katsina kuma, wadda Lugga ya shiga tun 1903, ta zauna a hannun Ingila. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawaga ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi daji tana kafa alamomin iyaka, aka rattaba hannu a kan aikinsu a 1910. Tun daga ranar, ɗan'uwa da ɗan'uwa suka wayi gari ɗaya yana biyan haraji ga Nasaran Ingila, ɗaya ga na Faransa, alhali rijiya ɗaya suke sha.

Yadda kyamara ta iso mu

Hoto ya girmi wannan iyaka. A 1839 aka bayyana wa duniya fasahar Daguerre a Faransa, a 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak mai naɗaɗɗen fim a Amurka, a 1900 kuma ya fito da ƙaramar Brownie wadda ake sayarwa dala ɗaya. A kudancin Nijeriya 'yan ƙasa sun kama sana'ar da wuri. Jonathan Adagogo Green na Bonny shi ya ɗauki sanannen hoton nan na Sarkin Binin Ovonramwen a 1897, lokacin da Turawa za su kai shi gudun hijira, Solomon Alonge kuma ya buɗe shagon hotonsa a birnin Binin a 1942.

A ƙasar Hausa kuwa, kyamarar farko a hannun baƙo ta zo, abin da baƙo ke son gani kuma shi ta ɗauka: ganuwa, ƙofar gari, hawan sallah, sarki da dogarai, kasuwa daga nesa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906 ya rasu a 1944, yana cikin sarakunan Arewa da aka fi ɗauka hoto a zamaninsa, musamman da yake ya je Makka da Ingila a 1921. Amma in ka duba irin hotunan da Turawa suka bari na talakawa, sau da yawa abin da za ka gani a ƙasa shi ne “Bahaushe ɗan kasuwa” ko “matan Filani”. An ɗauki fuskar mutum, an bar sunansa.

Hoto na biyu da ya shigo rayuwarmu shi ne na hukuma, wato hoton fasfo. Mai zuwa aikin Hajji, ɗan makaranta mai jarrabawa, direba mai neman lasin, ɗan Nijar mai neman katin ɗan ƙasa, kowa sai ya zauna gaban kyalle an ɗauke shi daga ƙirji zuwa sama. Dattawa suna ba da labarin masu hoton akwati mai ƙafa uku, waɗanda ke zama a bakin kotu ko gidan waya, mai hoton ya cusa hannu cikin akwatin ya wanke a nan take, ya miƙo maka da danshinsa. Shi wannan hoto yana da suna da lamba da hatimi, sai dai aikinsa guda ne, ya nuna kai ɗan wace ƙasa ne.

Na uku shi ne wanda mutane suka ɗauka don ra'ayin kansu, kuma shi ne abin da ya cika gwangwanin kakarmu. Hoton Sallah, hoton amarya da ƙawayenta, hoton saurayi ya jingina da sabon keke ko ya rungumi rediyo, hoton Alhaji ranar da ya sauka. Wannan al'ada ta bunƙasa a duk Afirka ta Yamma daga shekarun 1950 zuwa 1980. A Bamako, birnin da ke bakin Kwara, Seydou Keïta ya buɗe shago a 1948, Malick Sidibé kuma ya riƙa bin samari da 'yanmata wuraren rawa da bakin kogi yana ɗaukarsu. A Yamai, ita ma a bakin Kwara, Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki a shekarun 1960 da 1970. Garuruwa irin su Maraɗi, wadda cinikin gyaɗa ya cika da kuɗi da Alhazai, da Katsina da Kano, duk suna da nasu masu hoton, ko da yake duniya ba ta san su ba.

Me ya sa muke cewa “wanke” hoto?

Yaran yanzu da suka tashi da waya a hannu suna cewa za su je a wanke musu hoto, ba tare da sun san asalin maganar ba. Shi fim wani siririn leda ne da aka shafa wa sinadarin azurfa mai jin haske. In aka danna kyamara, haske ya shiga na ƙiftawar ido ya taɓa sinadarin, amma ba a ganin komai tukuna. Sai mai hoto ya shiga ɗaki mai duhu ya tsoma fim ɗin cikin ruwan magani na farko, siffa ta fito a juye, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Ya tsoma a wani ruwan da zai tsayar da siffar kada haske ya ƙara cin ta, sannan ya ɗauraye da ruwa mai yawa ya shanya. Daga wannan fim ake haska siffar a kan takarda, ita ma a bi da ita ta cikin ruwan magani. Wanki ne na gaske.

Fim guda yana ɗaukar hoto 12 ko 24 ko 36, saboda haka ba a ɓarna. Mutum zai yi wanka, ya sa kayan Sallah, ya tsaya ƙiƙam, ba zai ga sakamako ba sai bayan kwanaki. Kawuna ya ce a zamaninsu in mai kala ake so, sai mai hoto ya tara fina-finai ya ba direba ya kai Kano, a jira mako guda ko biyu, wani lokaci ma a dawo a ce fim ya ƙone. Abin lura shi ne, baƙi da fari ya fi mai kala ƙarko in an wanke shi da kyau, domin azurfa ce ke riƙe da siffar, shi kuwa mai kala rini ne, zafi da haske suna cinye shi, shi ya sa hotunan shekarun 1980 suka koma ja. Tsohon fim kuma in ya fara lalacewa sai ka ji yana tsami kamar ruwan kal, yana lanƙwashewa.

Ƙarshen wannan zamani ya zo da sauri. Wani injiniyan Kodak mai suna Steven Sasson shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, amma ita ce ta zo ta karya kamfanin, har ya bayyana fatarar kuɗi a 2012. A Nijeriya wayar salula ta shigo a 2001, cikin 'yan shekaru ta zo da kyamara a jikinta. Masu shagon hoto da yawa suka sauya sana'a, buhunan tsofaffin fina-finan da suke ajiye da su kuma aka zubar ko gara ta cinye.

Zuwa wurin Gwaggo

Ban samu zuwa Jibiya da gwangwanin ba sai a 2022. Mai karatu zai tuna gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ta buɗe wasu a Disambar 2020, ita kuwa ta Jibiya sai a Afrilun 2022. Ba wannan ne karon farko ba. An rufe daga 1984 zuwa 1986, a daidai lokacin fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, aka buɗe a Maris na 2024. Duk lokacin da aka rufe, motocin da ke bi ta Magama zuwa Ɗan Isa su tsaya, kasuwa ta mutu, mai zuwa suna ko ta'aziyya ya koma bin hanyar daji a kan babur. Dangin kakarmu na Maraɗi ma sai ta waya yawancinsu suka yi mana gaisuwa.

Na sami Gwaggo a tsakar gida. Bayan mun gaisa ta yi mini ƙorafin rashin zumunci, na zazzage hotunan a kan tabarma. Ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta ce, “Kai ɗan nan, ina ka samo waɗanga? Ai ni nawa ruwa ya tafi da su.”

Ruwan da take nufi shi ne na daren Lahadi 15 ga Yulin 2018, wayewar Litinin. An yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta afka wa unguwannin Jibiya irin su Tukare da Ɗan Tudu mutane na barci. Fiye da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, dabbobi suka halaka, wasu gawarwakin ma a cikin ƙasar Nijar aka tsinto su, domin ruwa bai san kwastan ba, bai san jandarma ba. Allah Ya jiƙansu da rahama. Gwaggo ta tsira da ranta da jikokinta, amma akwatinta ya tafi, da albam biyu a ciki. Wanda ya rasa ɗa ko mata ba zai tsaya kukan hoto ba, wannan gaskiya ne. Sai bayan an share hawaye an sake gini, sannan uwa za ta nemi fuskar ɗan da ta rasa ta nuna wa ƙannensa, ta tarar babu.

Ba Jibiya ce ta fara ganin haka a bakin wannan gulbi ba. Tsohuwar Maraɗi a cikin kwari take, ambaliyar 1945 ce ta rushe ta, Faransawa suka mayar da garin kan tudu suka yanka masa tituna miƙaƙƙu, wanda shi ne Maraɗin da muke gani. Daga baya aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a ƙarshen shekarun 1980, a 1990 kuma ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya a Maiduguri kan rabon ruwan gulaben da suka haɗa su, har da wannan.

Da Gwaggo ta zo kan hoton matan nan uku, ta kai shi kusa da ido ta ce ta tsakiya yayar kakarmu ce da aka kai aure Maraɗi, yarinyar da ke hannunta kuma tana nan da rai, ta tsufa, tana da jikoki a can. Ta ce ranar suna aka ɗauka, kakarmu ta je a kan jaki tare da ayarin masu zuwa kasuwa, ba wanda ya tambaye ta takarda. Ta ukun fa? Gwaggo ta juya hoton, ta sake juyawa, ta ce, “Na san fuskar, amma sunan ya ɓace mani. Da ka zo Inna na da rai, da ta faɗa maka har kakanninta.”

Washegari na tsallaka. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita ɗari ba, amma sai ka sauka a Magama, ka sauka a Ɗan Isa, naira ta koma sefa, allon hanya ya koma Faransanci, alhali Hausar da kake ji a tasha ita ce ta gidanku. Na sami yarinyar cikin hoton, tsohuwa mai furfura, ta rungume hoton tana kuka, domin ba ta taɓa ganin fuskar mahaifiyarta tana da ƙuruciya ba. Da yamma jikanta ya kai ni bakin gulbi, muka tsaya a kan rairayi muna ƙiyasin inda aka tsaya aka ɗauka. Ita ma dai ba ta san ta ukun ba. Har yau da nake wannan rubutu ba mu san ko wace ce ba.

Abin da ya rage gare mu

A 1991 an yi wani baje kolin fasahar Afirka a birnin Niyok, aka rataye wasu hotuna aka rubuta a ƙasa cewa mai ɗaukarsu ba a san shi ba, daga Bamako. Wani Bafaranshe mai suna André Magnin ya ɗauki kwafinsu ya tafi Bamako yana tambaya, Malick Sidibé ya duba ya ce ai aikin Seydou Keïta ne. Aka same shi da ransa, da dubban fina-finansa a adane. Ya rasu a 2001 duniya ta san shi, shi kuma Sidibé aka ba shi babbar lambar yabo a Benis a 2007. Abin da ya cece su shi ne an yi tambaya tun masu amsa suna raye. A Japan kuma, bayan ambaliyar teku ta 2011, 'yan sa-kai sun tsinto dubban ɗaruruwan hotuna daga cikin laka, suka wanke su ɗaya bayan ɗaya suka baje don masu su su zo su gane.

Mu a nan abubuwan da ke cin hotunanmu suna da yawa: ruwa, gara, gobara, ƙaura, ga kuma tashin hankalin 'yan bindiga da ya raba dubban mutanen ƙauyukan Katsina da Zamfara da Sakkwato da gidajensu, har wasu suka tsallaka jihar Maraɗi tun 2019. Wanda ya gudu da dare ba albam zai ɗauka ba. Akwai kuma gidajen da suka ƙone nasu bisa fahimtar da suka yi wa hukuncin hoto, wannan fage ne na malamai, kuma sun yi bayani a kai. Amma wanda ya fi duka ɓarna shi ne sakaci, a bar tsoho ya tafi da sunaye a cikinsa.

Takardun hukuma za su gaya wa jikokinmu ranar da aka ja iyaka, da ranar da aka rufe, da ranar da aka buɗe, har da ranar da aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya a 2021. Ba za su gaya musu cewa kakarsu ta hau jaki ta je sunan 'yar yayarta a wata ƙasa ba tare da ta san ta bar tata ba. Wannan sai a cikin adaka.

Don haka shawarata ga duk mai irin wannan gwangwani, ya ɗauke shi yau ya kai gaban mafi tsufa a danginsu. A rubuta suna da gari da sabab a bayan kowane hoto, da fensir, domin tawadar biro tana huda takarda. A ɗauki kowanne da waya, gaba da baya, a tura wa dangi na nan da na tsallake, yadda in na wani ya ɓace na wani na nan. A ajiye na asali a wuri mai bisa, nesa da danshi da rana, kada a jefar da fim don an ga baƙi ne, ana iya fitar da hoto daga jikinsa. In kuma ruwa ya taɓa su, kada a ɓamɓare da ƙarfi, a ɗauraye a hankali da ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa fuskar tana sama.

Ni dai na wanke kwafi uku na hoton nan, ɗaya na Gwaggo, ɗaya na Maraɗi, ɗaya nawa. A bayan kowanne na rubuta sunaye biyu da na yarinyar, na bar gurbin na ukun ko Allah zai kawo wanda ya san ta. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya. Sai mun sake saduwa.